Taku Goma Sha Biyu Daga Bakin Ruwa

Githinji ya durƙusa a kan yashi yana haƙa da hannu bibbiyu, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Da ramin ya kai masa gwiwar hannu sai ya zaro ɗan akwatin daga cikin safarsa, ya buɗe ya ƙara leƙa zoben, ya rufe, ya cusa shi can ƙasa. Ya mayar da yashin ya daddanne da tafin hannu. Shekara arba'in yana binne irin dankali a Kinangop, bai taɓa binne abu ya neme shi ya rasa ba.

Ya miƙe ya tafi bakin ruwa, ya saita hancinsa da wata doguwar bishiyar kwakwa da ke can gaɓar Diani, ya auna. Taku goma sha biyu cif. Ya sake aunawa don gudun kuskure, goma sha biyu dai. Daɗi ya kama shi har ya ɗan yi tsalle, dattijo mai shekara sittin da ɗaya, cikin farin gajeren wando da safa baƙa har ƙwauri.

Duk wannan shirin 'yarsa Wangechi ce ta kitsa. Ita ce ta kwaso su daga gona ta zuba su a jirgin ƙasa, ta ce bana babu mai cin Kirsimeti a cikin sanyi da taɓo. Yayin da ake yi a wannan Disamba kuwa shi ne kowa ya sa farare, a hau jirgin ruwa mai gilashi a ƙasa, a je tudun yashin nan da ke tsakiyar teku, a ci kifi, a yi hotuna har waya ta yi zafi. Masu neman aure kuma su ɓoye zobe, budurwa ta tono, a yi ihu, a watsa wa duniya.

To shi Githinji ba budurwa zai tambaya ba. Matarsa ce, Nyokabi, wadda suka shekara talatin da huɗu tare. Ya kai wa ubanta awaki cur, dattawa sun ci sun sha sun sa albarka, a wurinsa aure ya ɗauru. Amma a cocinsu, matar da ba a ɗaura mata aure gaban fasto ba ba ta ɗaura shuɗin ɗankwalin ƙungiyar mata. Nyokabi ce mai dafa musu shayi, ita ce mai wanke kofuna, sannan in sun jeru a gaba suna waƙa ta koma bencin baya ta zauna. Ta yi roƙo har ta gaji, kullum sai ya ce a bari a ga damina. Shekara takwas ke nan da ta daina tayar da zancen, kuma wannan shirun nata ya fi duk mitar da ta taɓa yi cin ransa.

"Baba, ka ajiye?" in ji Wangechi da raɗa, da ya dawo wurin da aka kafa musu laima.

"An gama."

"A ƙarƙashin tabarmar, kamar yadda na ce?"

"Tabarma? A cikin wannan taron? Ke dai yarinya ce. Na ba shi wurin da ko ɓera bai isa ba."

Ta so ta ƙara tambaya, sai ga Mwinyi mai jirgi ya sauke farantai. Kifi gasasshe da lemon tsami, shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, da wata dabbar teku mai ƙafa takwas an yayyanka ta cikin jan romo. Nyokabi ta ɗaga ƙafar dabbar guda da cokali ta ƙare mata kallo.

"Ɗana, wannan abin da ransa kafin ku dafa, ko haka Allah ya yi shi a murɗe?"

"Ci kawai, Mama. In kin ci sau ɗaya, dankalinku sai ya koma miki kamar sabulu."

"Ji shi! Dankalin nan da kuke soyawa kuna sayar wa Turawa, daga gonar wa kake tsammani yake zuwa?"

Ta ci, ta ƙara, ta nemi ƙari. Githinji kuwa kansa ya riga ya yi sama. Ya sha ruwan ɗanyar kwakwa uku. Ya bari Wangechi ta ɗora masa tabarau mai ruwan hoda. Wasu mata 'yan adashe daga Nakuru, su goma sha huɗu cikin atamfa iri ɗaya, suka kunna kiɗa, sai ga shi a tsakiyarsu yana juya kafaɗa, safa ta cika da yashi. Nyokabi ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

"Baban Wangechi, me suka zuba maka a kwakwar nan?"

"Ke dai zauna ki ga ikon Allah. Yau sai kin yi kuka."

"Ni? A kan me?"

Ya kashe mata ido ɗaya, abin da rabonsa da yi tun suna saurayi da budurwa.

Da rana ta ɗan karkata Wangechi ta ɗaga waya ta yi masa alama. Ya gyara wuyan riga, ya taka zuwa bakin ruwa, ya saita hanci da bishiyar kwakwar, ya ƙirga goma sha biyu da ƙarfi don kowa ya ji. Ya durƙusa ya fara share wa matarsa hanya, don kada ta sha wahalar tono. Ya haƙa zuwa gwiwar hannu. Yashi. Ya haƙa zuwa kafaɗa. Yashi da ruwa.

"Baba?" in ji Wangechi, wayar tana sauka a hankali.

"Tsaya, ƙila takun nawa ya yi faɗi. Na ci abinci."

Ya koma ya sake aunawa da ƙananan taku. Abin mamaki, wannan karon bakin ruwan ya same shi tun kafin ya isa inda ya tsaya ɗazu. Gumi ya karyo masa. Mwinyi, wanda ke naɗe igiya a gefe, ya matso ya sunkuya.

"Mzee, dattijona, lafiya? Me ya faɗi?"

Githinji ya jawo kunnensa ya faɗa masa komai. Mwinyi ya saurara da ladabi har zuwa wurin awon.

"Daga ina ka ce ka auna?"

"Daga bakin ruwa mana."

"Ƙarfe nawa?"

"Da muka iso. Wajen goma."

Mwinyi ya dube shi, ya dubi teku, ya cije leɓe, ya yi ta maza iya ƙarfinsa. Ina! Dariya ta ƙwace masa har ya zauna daɓas a cikin ruwa.

"Subhanallahi! Mzee, ka auna daga bakin teku? Ai ba katangar gonarka ba ce! Wannan baiwar Allah sau biyu take tafiya ta dawo kowace rana. Inda ka tsaya ƙarfe goma, yanzu kifi ne ke yawo a wurin. Gaskiyar mutane, baƙo makaho ne ko da idonsa."

"Ngai!" in ji Githinji, yana kiran Allah da yarensu, ya ɗora hannu biyu a ka. "A garinmu rafi yana nan inda kakana ya bar shi!"

"Nan da rabin awa tudun nan gaba ɗaya ba ka ganinsa. Sai gobe."

Wangechi ba ta tsaya kuka ba, 'yar Nairobi ce. Ta ruga wurin matan Nakuru ta yi musu raɗa, kafin ka ce kwabo magana ta zagaye tudun. Aka ce wa Nyokabi agogon Baba ne ya faɗi. Mata goma sha huɗu suka tattare zannuwa suka faɗa ruwa suna lalube da yatsun ƙafa. Wasu ango da amarya suka ajiye hotonsu suka shiga. Wani Bature jajir kamar tumatir ya sa gilashin ninkaya ya nutsa, ya taso da murfin kwalba yana murna. Masu jirage suna ihu suna ba da shawara, kowa da inda yake nunawa.

"Nan ne! Na taka wani abu!"

"Ƙafata ce, 'yar uwa, ɗaga!"

"Baba, wace bishiyar kwakwar? Ai sun fi ɗari!"

"Doguwar!"

Aka kwashe da dariya, har shi kansa sai da ya dara, dariyar da ta fi kuka ciwo. Ruwan kuwa bai fasa abin da ya kawo shi ba. Ya cinye wurin rawa, ya cinye wurin gashin kifi, aka naɗe tabarma aka cire laima. Tudun da ya ɗauki mutum ɗari da safe ya koma bai fi tsakar ɗaki ba. Jirage suka fara kwashe mutanensu ɗaya bayan ɗaya, matan Nakuru suna ɗago masa hannu suna cewa ya yi haƙuri, Allah ya mayar da alheri.

Githinji bai ko ɗago ba. Yana durƙushe ruwa har ƙugu, yana cusa hannu cikin yashin da ke rufewa da zarar ya zare shi. Tsoro ne ya kama shi sosai. Ya san in ya koma Kinangop hannu wofi, duk abin da zai faɗa zai zama irin tsohon zancensa ne, kuma ita ba za ta ce uffan ba, za ta ɗauki tukunyar shayinta ranar Lahadi ta wuce.

"Mzee, don Allah!" Mwinyi ya ƙwala daga jirgi. "Ba na son in kai wa 'yan sanda labari!"

Sai ya ji ana ta da ruwa a bayansa. Nyokabi ce ta sauko daga jirgin, farar rigarta tana yawo a kan ruwa, ta zo ta tsaya a kansa.

"Agogonka yana hannunka, Baban Wangechi. Tun ɗazu nake kallonsa."

Ya dubi hannunsa. Yana nan kuwa, har yana tafiya.

"Me ka binne?"

"Zobe."

"Zoben me?"

"Na coci." Ya ɗago ya dube ta. "Na so in tambaye ki ne, a gaban mutane, yadda yara ke yi. Na so ki tono shi da hannunki. Na auna, Nyokabi, wallahi sau biyu na auna."

Ta dubi ruwan da yake durƙushe a ciki. Sannan kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ɓalle mata, irin wadda ba ta da birki, ta dafa kansa don kada ta faɗi.

"Ka shuka zobe! A cikin teku! Kai, jama'a, ku zo ku ga manomi!"

Igiyar ruwa ta zo ta mare shi a ƙirji. Bai tashi ba.

"Zan sayi wani," ya ce.

Dariyar ta tsaya cak. Ta share ido da bayan hannu ta dube shi, kallon da bai ga irinsa ba a shekara takwas.

"Ni na ce maka zobe nake jira? Ko na roba ne fasto zai sa masa albarka. Rana nake jira. Faɗi rana."

"Asabar ta biyu a watan Fabrairu."

"Ta wace shekara?"

"Wannan mai kamawa."

Ta kama hannunsa ta ɗaga shi, suka lallaɓa zuwa jirgi ruwa na dukansu a ciki, Mwinyi ya jawo su ɗaya bayan ɗaya. Wangechi tana kuka tana dariya, ashe duk abin nan ta manta ba ta danna ɗauka ba. Da jirgin ya juya, Githinji ya waiga, babu tudu babu alamarsa, shuɗin ruwa kawai.

Nyokabi ta buɗe jakarta ta zaro tsohuwar wayarta mai maɓallai. Ta nemo lambar fasto, ta kai yatsa za ta danna, ta fasa. Sai ta miƙa masa wayar ba tare da ta dube shi ba.

"Kai za ka kira. Da bakinka."

Ya goge hannunsa a jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya karɓa, ya ce wa Mwinyi ya rage ƙarar injin.