Mai Gyara Ya Goge Goge

Ko sallama Inna ba ta yi ba. Ta dire wayar a kan teburin mai gyara, har ƙananan kusoshinsa suka yi tsalle.

"Gilashi na ce ka canza mata. Wa ya aike ka cikinta?"

"Sannu da zuwa, Mama. Ai ƙin tashi ta yi, sai da na wanke ta."

"Wanke ta? Zane ce? Ina waƙar Malam?"

Malam mijinta ne. Tun da mantuwa ta kama shi, shi da ruwan wanka ba sa ga maciji. Da ya hango bokiti sai ya ƙanƙame ƙafar gado yana kiran uwarsa da ta daɗe a ƙasa. Wata tsohuwar waƙa ce kaɗai, mai goge a hankali, ke sa ya saki jiki har a cuɗa masa baya. Tun da aka karɓo wayar daga wajen gyara bai yarda ruwa ya taɓa shi ba, ga zafi, ga ƙuraje sun fara feso masa a wuya.

"Ka goge mini goge, sai ka maido shi. Ga ni ga ka." Ta ja benci ta zauna.

"Yaya sunan waƙar?"

"Ni na raɗa mata suna? Jikata ce ta sa mini, ni dannawa kawai na iya."

Ya kunno wata. "Wannan ai kukan akuya ne," in ji ta. Ya kunno wata, ta ja tsaki. Ya share gumi.

"To Mama, ɗan rera mini, ko na gane."

"Da furfurata? A bakin titi? Lallai ka raina ni."

Sai wuyan Malam ya faɗo mata a rai. Ta kau da kai wajen bango ta fara, can ƙasan maƙogwaro. Murya ta fito a shaƙe kamar tsohuwar ƙofa, daga baya ta miƙe. Kafin ta kai ƙarshe, wani dutse da ta daɗe tana ɗauke da shi a ƙirji ya ɗan gusa. Ashe ita ma haƙoranta a cije suke tun ba yau ba.

Mai gyara ya nema iya nemansa. "Wallahi ba ta, Mama. Ki yafe ni. Zan ci gaba da cigiya."

"Sai na yi shawara," ta ce, amma a hankali ta ɗauki wayar.

Da la'asar ta sirka ruwa ta shigo da bokiti. Malam ya zabura ya kama ƙafar gado. Ta durƙusa a gabansa, gwiwoyi na ƙara, ta fara rerawa. Ya ƙura mata ido. Hannunsa ɗaya ya saki gadon.

"Kin tsallake baiti," ya ce.

"Au, yau kuma kai ne mai tunawa? To, gwani, ja mu je."

Ya ja, da 'yar muryarsa mai karkarwa, tana amsa masa. Tana amshin ta tsoma soso a ruwa, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya miƙo mata wuya.