Gishiri Ya Daskare a Bututu

A gida Mai Gishiri suke ce mata. Yayanta ne ya laƙaba mata sunan, tun ranar da ta zauna a falo tana yi musu bayanin aikinta. Ta ce akwai wani ƙarfe, toriyom, da ake samu a cikin baƙin yashi, ya fi yuraniyom yawa a ƙasa, kuma ana sa ran wata rana shi zai riƙa kunna tashoshin nukiliya. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce a narkar da shi cikin wani irin gishiri mai tsananin zafi, ya riƙa zagayawa a bututu. Matsalar ita ce gishirin yana cin ƙarfen bututun, nata aikin kuwa shi ne gano ƙarfen da zai jure. Duk wannan dogon bayani, abin da mahaifiyarsu ta riƙe shi ne 'yarta ta gama karatun duniya ta koma dafa gishiri.

Toriyom ɗin kansa ba ta taɓa aiki da shi ba. Yana can cikin wata 'yar kwalba a kabad ɗin Daraktan cibiyar bincikensu, ana fito da shi idan an yi baƙi.

Ranar Litinin da safe, tana tura ƙofar ɗakin gwaji ta san an yi ɓarna. Kullum zafi ne ke fara marin fuskarta, sannan gurnanin famfo. Yau ɗakin sanyi ƙalau, shiru kamar ɗakin ajiya. Ta ajiye jaka a kujera, ta je ta ɗora tafin hannu a kan bututun da a da ko kusa da shi ba a zuwa sai da safar hannu mai kauri.

Baba Mai Walda, dattijon da ya haɗa bututun da hannunsa, yana zaune a kan akwatin kayan aikinsa.

"Wuta aka ɗauke ranar Asabar," in ji shi. "Janareto ya tashi, ya yi abin da zai iya, mai ya ƙare."

"Ba wanda ya kira ni."

"Mai gadi ya ce ya ga fitilun waje sun dawo, ya ɗauka komai ya dawo."

A cikin bututun akwai 'yan sillayen ƙarfe da ya kamata su zauna cikin gishiri mai gudu ba yankewa. Tun kafin ta yaye autanta ta saka su, ga shi yanzu yaron har ya iya rashin kunya. Gishirin ya daskare a kansu ya zama dutse. Kuma ba wannan ne karo na farko ba.

Duk da haka suka gwada narkar da shi. Suka naɗa wayoyin ɗumamawa, suka fara daga bakin tanki suna matsawa a hankali, don gishirin kumbura yake in ya narke, idan bai sami hanyar fita ba sai ya fasa ƙarfe. Ta yini a tsugune tana kallon ma'aunin zafi, bayanta na ciwo, shayin da ta haɗa ya huce a kan taga. Can da la'asar suka ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an taka busasshen kara. Gwiwar bututun ta tsage.

Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "'Yata, zan iya yanke nan in sake haɗawa."

"Na sani, Baba. Sai kuma mu koma farko."

Suna cikin naɗe wayoyi Darakta ya shigo. Ya dubi tsagar, ya dube su, bai yi faɗa ba. Ya ce jibi akwai baƙi daga hukumar da ke ɗaukar nauyinsu, ko za a iya kunna fitilun allon sarrafa na'urar dai, kada ɗakin ya yi kama da kango.

"Fitilu za su kama, ranka ya daɗe," ta ce. "Amma in sun tambaye ni, zan ce ya daskare."

"Ki faɗa." Ya jingina da bango. "Ni da na zo gidan nan ba furfura ko ɗaya a kaina. A lokacin ma cewa ake saura ƙiris."

Yayanta ne ya zo ɗaukar ta, don motarta na wurin makanike. Ya buɗe baki zai fara tsokanar da ya saba, ya ga fuskarta, ya mayar da hankali kan titi. Ya daɗe yana yi mata maganar wani gurbi a ɗakin gwajin kamfanin ruwa, ita kuma tana ce masa ba ta yi karatu don auna ruwan famfo ba. Suna tsaye a cunkoso, mai sayar da mariƙin waya na mota yana ƙwanƙwasa gilashi, ta ce, "Yaya, mutanen nan har yanzu suna nema?"

"Suna nema."

"To, ka yi musu magana."

Ya gyaɗa kai kawai, ya ja mota gaba. Ta ji daɗin hakan.

Baƙi suka zo ranar Laraba. Ta tsaya gaban allo ta yi musu bayanin toriyom tiryan-tiryan, ta nuna musu tsagar. Abin da ya dame ta shi ne, tana magana tana jin har yanzu ta yarda da kowace kalma. Abin zai yiwu. Wani zai gani, a wani ɗakin da wuta ba ta yankewa. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambayi inda banɗaki yake.

Ƙarshen wata ta miƙa wa Baba makullin ɗakin. Ya riƙe shi yana jujjuyawa, ya ce ya riga ya yanke gwiwar, sabuwar tana nan a shirye in an kawo wanda zai ci gaba da aikin.

A kamfanin ruwa aka ba ta tebur kusa da taga da jerin kwalabe masu lamba. Da safe take aunawa, kafin azahar sakamako ya fito. Ranar farko ta tashi da sauran rana, ta biya ta ɗauko yara daga makaranta da kanta. Suna shiga gida ta zauna a kujerar falo don ta cire takalmi, barci ya kwashe ta da ƙafa ɗaya a ciki.