Ragowar Iri

Ni Rufaida, in dai maganar karatu ce, ba na son a gyara min. Shekara huɗu na yi ina karanta Turanci a jami'a, shi kuma nake koyarwa yanzu a wata sakandare kusa da Dawakin Tofa. Don haka da ƙungiyar manoman garinmu suka kawo min takardar maganin da ake gauraya iri da shi kafin shuka, suka ce in mayar musu da ita Hausa, ko a jikina. Da yamma ɗaya na gama. Mutum uku suka duba bayana: Faruk malamin gona, Malam Dallatu hedimastanmu, da yayana Abdulbasit, wanda ko gaisuwa zai yi sai ya sa mata Turanci. Kowa ya ce ta yi. Aka buga kwafi ɗari uku, Turanci a sama, Hausa a ƙasa, sunana a can gindi, aka ce za a raba ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Guda biyu na zaro don kaina. Ɗaya na ba mahaifiyata, Inna Asiya, ɗaya kuma ran Laraba na kai wa kakana Malam Abdulƙadir, ba don ya duba ba, don dai ya ga sunan jikarsa a buge. Malam ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa har sau uku, amma boko sai da ya yi furfura ya koya, kuma sauraron karatunsa na boko sai mai haƙuri. Ya gyara zama a kan buzu, ya ɗauki alƙalamin kara, ya riƙa ɗora bakinsa kan kalma ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Har na fara latsa waya sai na ga alƙalamin ya tsaya.

"Amarya, irin nan da aka shafa wa magani, ana cinsa ne?"

Na ce Allah ya kiyaye, ai guba ce.

"To, don me kika ce a zuba ragowarsa a rumbu?"

Dariya na yi. Na karɓi takardar na karanta masa da ƙarfi, cewa irin da ya rage bayan shuka a zuba shi a rami, a rufe sosai. Malam bai yi musu da ni ba. Ya dai mayar da bakin alƙalaminsa kan wurin ya ce in ƙara dubawa. Rumbu. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, kuma yanzun nan bakina ya faɗi rami ina kallonsa.

Kunya ta kama ni, amma mamaki ya fi ta ƙarfi. Yaya ido zai ga abu, baki ya faɗi wani? Malam ya ce wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Wanda ya haddace, daga ƙirjinsa yake karantawa, takarda rakiya kawai take masa. Shi ya sa in ya gama rubutu gwanaye suka duba, sai ya ƙara miƙa wa kakata marigayiya Nana Maryam, wadda haddarta ba ta wuce izu biyar ba, ta bi shi harafi-harafi. Ya ce akwai kalmar da ta kuɓuce wa gwanaye uku, ita ta kama.

Na kama hanyar ofishin ƙungiya don a tsayar da rabon, amma sai da na gwada abin. Ban ce wa Faruk komai ba, na miƙa masa takardar na ce ya karanta min layin nan. Ina kallon idonsa, ya fara hawa sama kan Turancin, sannan ya gangaro ya share Hausar da gudu. Ya ce rami. Malam Dallatu ya shigo, ya gyara tabarau, shi ma ya ce rami, har da ƙarin bayani a kan zurfinsa. Da na ce musu akwai kuskure, sai dukkansu suka koma cikin Turancin suna lalube. Mu masu baki biyu ashe mun riga mun ƙoshi da ma'anar tun a sama, Hausar leƙa ta kawai muke yi. Ni kuma da nake rubutawa, ina jin hannuna ne ya ji maganar zuba hatsi ya wuce inda ya saba.

Faruk ya share gumi ya ce Allah ya rufa asiri, ko ɗaya ba ta fita ba. Na buɗe baki zan ce haka ne, sai na tuna kwafin da na ba Inna. Inna ba ta jin Turanci. A ajin manya ta koyi boko, da yatsa take bin layi. Kuma jiya Abdulbasit ya shuka gero a gonar bayan gida da maganin nan.

Ban san yadda na iso gida ba. Na same ta a gindin rumbu, ga ƙwarya a gefenta da ragowar iri jajir, ga takardata a ninke a hannunta. Murfin rumbun ne ya fi ƙarfinta, tana jiran Abdulbasit ya dawo ya ɗaga mata. A cikin rumbun nan abincinmu yake har kaka.

Na ɗauke ƙwaryar, na ce Inna, ke da kika fi ni sanin wannan guba ce?

"Ni ma raina bai kwanta ba," in ji ta. "Sau uku na karanta. Amma na ga ke kika rubuta."

Na ɗauki fartanya na nufi gonar bayan gida don in haƙa wa irin rami. Tana biye da ni tana tambaya ko ita ce ba ta karanta daidai ba.