Hoton Mamana a Bakin Gada

"Buɗe idonki mana!" mai hoto ya daka wa 'yarsa tsawa, yana durƙushe a bakin gada da kyamara a fuska.

Yarinyar ta buɗe, rana ta soke ta, ta sake runtsewa.

Tun da ya rabu da uwarta aka tafi da ita wannan gari mai nisa, bai sake sa ta a ido ba sai yau. Ya sha roƙo kafin a yarda, sannan aka ce ba a gida ba, kawunta zai kawo ta bakin gada idan an tashi makaranta. Da tsakar rana, don mugunta! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar amaren mutane, amma ko hoto ɗaya na kirki na 'yarsa ba shi da shi. Ya rantse ba zai koma hannu rabbana ba.

To, ranar ce ta ƙi ba shi haɗin kai. Ta tsaya ƙiri a tsakar ka, ta zuba wa yarinyar inuwa a kwarmin ido, goshinta na ƙyalli kamar an shafa mai. Ya juya ta ta ba rana baya, kogin ya yi fari fat, fuskar ta koma baƙa ƙirin. Ya ja tsaki. Ransa ya ɓaci da uwarta, da kawun da ke zaune a mota yana shan sanyi, har da masu wucewa da ke faɗo masa cikin hoto kamar an aiko su.

Yarinyar ta fara ba shi labarin wata ƙawarta a aji, ya ce ta rufe baki, magana na ɓata fuska. Ta ce ƙishirwa take ji, ya ce yanzun nan. Ya janyo hannunta zuwa ƙarƙashin wata bishiya, ya tsayar da ita a gefen inuwa inda haske ke shigowa a hankali. Ya tuɓe farar rigarsa ya shimfiɗa a ƙasa gabanta, don ta mayar mata da haske a fuska. Daga shi sai singileti, gumi na tsiyaya, mutane na kallo suna dariya.

"Ɗaga haɓa. Mamana, ki tsaya cak na ce! Ke wace irin yarinya ce?"

Ta tsaya cak. Ya danna.

Kawun ya matsa hon, ya leƙo ya ce lokaci ya yi, uwarta na jira. Mai hoto ya yi kansa da masifa, suka yi ta cacar baki ta taga. Kafin ya waiwayo, yarinyar ta riga ta shige baya ta ja ƙofa. Motar ta tashi yana riƙe da rigarsa duk ƙasa.

A bas ɗin komawa ya kunna kyamara. Wallahi hoton ya fito. Babu inuwa a ido, babu ƙyalli a goshi, kogin shuɗi a bayanta, har gashin girarta ana iya ƙirgawa. Bai taɓa ɗaukar kamarsa ba. Ya miƙa wa dattijuwar da ke kusa da shi, ya ce 'yarsa ce.

Ta kawo shi kusa da ido, ta daɗe tana dubawa.

"Tubarkalla, ya yi kyau," ta ce. "Amma wa ya doke ta?"