Takin da Mati Ya Kawo

Shekarar da takin zamani ya yi ɓatan dabo a kasuwar Gezawa, ta sami Nababa ba ko akuya ɗaya a turke. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da fitar da kai, abin da aka girbe bai kai iyali bazara ba. Awaki suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, jakin ma ya bi su. A ƙasarsu kuwa gona jingine take da gona, babu mai filin da zai bari ya huta, abin da ka ba ƙasa shi za ta mayar maka. Mahaifin Nababa bai taɓa barin gonarsu da yunwa ba. Kashin dabbobi, toka, sharar tsakar gida, duk can suke ƙarewa. Da rani kuma sai ya ɗora wa jaki kara ya kai birni, ya dawo da mangala cike da takin juji, baƙi wuluk, mai laushi kamar gari.

Ana cikin wannan hali Mati ya zo gaida yayarsa Larai, matar Nababa. Mati direban tifa ne a birni, mai yawan dariya da saurin alkawari. Da ya ji kukan da maigidan yake yi, sai ya ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, shi da kullum aikinsa fitar da shara daga birni. Lodi ɗaya na tifa ya fi abin da jaki zai yi jigila rani guda, kuɗin mai kawai za a ba shi. Nababa ya tuna takin da mahaifinsa ke kawowa, ransa ya biya. Ya fitar da gyaɗar da ya ajiye ta iri ya sayar, ya ba Mati kuɗin.

Ranar da aka kawo kayan yana kasuwa. Da la'asar ya biyo ta gona, tun kafin ya kai gindin gawon da ke kan iyaka wari ya tare shi. Ya san warin taki tun yana ƙarami, wari ne da manomi ke jin daɗinsa. Wannan daban ne, ɗoyin mushe ne haɗe da wani abu mai yaji da ke kama maƙogwaro. Tsibin yana tsakiyar gona, ya kusa tsayin mutum, ƙudaje sun rufe shi. Daga sama baƙi ne, kamar abin kirki. Ya sa shebur ya tona, sai ga leda, fara da baƙa, ta cakuɗe da komai kamar hanji. Ya ƙara tonawa, ga fasassun kwalabe, ga batira sun fashe suna zubar da farin gari. Can ƙasa ya tarar da wani taɓo mai launin toka-toka da shuɗi, cike da gashin shanu da guntayen fata da suka ruɓe. A gefe guda kuma auduga ce da bandeji masu busasshen jini, da sirinji da allurarsu. Ya koma gindin gawo ya durƙusa ya yi ta kakarin amai, babu abin da ya fito sai yawu.

A nan Kallamu ya same shi. Kallamu maƙwabcinsa ne na gona, asalinsu mutanen Barno ne amma a garin aka haife shi, yana sayar da kanwa da gishiri ranar kasuwa. Ya zagaya tsibin da hannun riga a hanci.

"Malam Nababa, wannan ba taki ba ne. Ka nemi wanda ya kawo ya zo ya kwashe abinsa."

Nababa ya aika wa Mati saƙo har sau biyu ta bakin masu motar haya, shiru. Gabas kuwa ta fara haɗa hadari, maƙwabta sun gama baza takinsu. Ya tsaya ya dubi gonarsa, ƙasar ta yi fari fat kamar an wanke ta. Idan ya shuka ta haka, ya san abin da zai girba. Gyaɗar iri ta riga ta tafi. Sai ya ce wa kansa ai ko a cikin juji akwai na kirki, zai tsince mugun ya baza sauran.

Ya ɗaure hannuwansa da tsumma ya shiga. Ya yi kwanaki yana tsinta, yana tara allurai da kwalabe a wata tsohuwar garwa, ledar kuma ya ƙona abin da ya ƙonu, hayaƙinta ya hana shi cin abinci. Amma leda ba ta tsintuwa, ka ja ɗaya ta yage ta bar rabi. Taɓon nan ma ya riga ya shiga cikin sauran. Da ya gaji, sai ya rufe ido ya baza. Idan ya koma gida Larai takan ajiye masa ruwa da sabulu a zaure, ta ce kada ya shigo mata da kayan jikinsa. Ba ta ambaci sunan ƙaninta ba, shi ma bai ambata ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. A gefen gabas, inda sharar gidaje ta fi yawa, gero ya fito kore shar har mutane na tsayawa kallo. A tsakiya kuwa, inda tsibin ya zauna, tsiron ya fito rawaya, ya kanannaɗe, ya ƙone tun bai kai tafin hannu ba. Ya sake shukawa, haka. Ko ciyawa ba ta yarda da wurin ba. Idan an yi ruwa sai ya kwanta a wurin da wani maiƙo a kansa, ya ƙi shiga ƙasa. Lokacin noman firi duk saran da ya yi sai fartanya ta fito da leda a baki. Ya tuge wani gero da ya tsumbure don ya ga abin da ke damunsa, ya tarar saiwar ta nannaɗe cikin leda, ta rasa hanyar ƙasa. Tafin ƙafarsa ya tsattsage ya yi ta ƙaiƙayi, shi da ya saba noma ba takalmi, dole ya nemi na roba.

Iska kuma ba ta san iyaka ba. Ledar ta bi ta maƙale a gambar da ta raba gonarsa da ta Kallamu, ta tsallaka. Kallamu yana da wani rago da yake ɗaurewa a bakin gonarsa. Ragon ya daina cin abinci, cikinsa ya kumbura, ya yi ta ramewa, har dai aka yanka shi kafin ya mutu. Mahauci ya fasa tumbin a gaban mutane ya zaro leda curi guda, baƙa, ta murɗe kamar igiya. Nababa yana tsaye a wurin. Ya bi Kallamu har gida ya ba shi haƙuri, ya ce idan kaka ta yi zai san abin da zai yi. Kallamu ya ce ya bar maganar, ƙaddara ce, amma da ya ji shawara tun farko da ba a kai nan ba. Tun daga ranar gaisuwarsu ta gajarta.

Da kaka gefen gabas ya ba da zangarniya manya-manya, irin waɗanda ya daɗe bai gani ba. Larai ta sussuka, ta surfa, ta tuƙa tuwon sabon gero da miyar kuka. Nababa ya wanke hannu ya gutsura, ya kai baki, sai audugar nan mai jini ta faɗo masa a rai. Ya ajiye lomar. Ya ce mata gobe zai kai geron kasuwa ya sayar, ya sayo na wata gona.

"Malam, abin da ka ƙi ci shi za ka kai wa 'ya'yan wasu?" in ji ta. "In ba shi da kyau a zubar, in yana da kyau mu ci."

Babu wanda ke zubar da hatsi a irin wannan shekara. Suka ci. Shi dai kullum sai ya kora da ruwa, kuma bai ƙara neman ƙari ba.

Bayan an gama ɗaurin dami sai ga Mati, da sabuwar hula, ya zo ganin amfanin gona. Ya ce tun daga hanya aka ba shi labarin zangarniyar, ai ya san za a yi haka. Nababa ya ja shi har tsakiyar gona, ya nuna masa wurin da ya zama kamar kan mai sanƙo, ya tambaye shi daga ina ya ɗebo kayan. Mati bai ɓoye ba. Ya ce rabi daga bolar unguwa ne, sauran daga wata majema da wani ɗakin shan magani, su ne suka biya a fitar musu da shi can nesa da gari. Shi kuma ya ga maimakon a yi asara gara wani ya amfana.

"Wato an sallame ka ka kai shi inda babu mutane, ka kawo inda yayarka za ta ci."

"Haba Yaya, ai ƙasa tana cinye komai."

Nababa ya sunkuya ya tona da yatsa, ya zaro wata leda da ta yi damina guda a binne. Ko rubutun jikinta bai goge ba. Ya miƙa masa. Mati ya ja da baya yana kare rigarsa, ya yi 'yar dariya, ya ce zai biya gida su gaisa da Yaya Larai. Larai ta amsa gaisuwar daga cikin ɗaki, ba ta fito ba, ba ta kuma aiko da ruwa ba.

Da rani Nababa ya haƙa rami mai zurfi a kusurwar gona ya binne garwar allurai. Ya kankare saman ƙasar wurin da ya mutu ya tara gefe, bai san inda zai kai ta ba. Ya karɓi awaki biyu kiwo daga wata gwaggonsa, yana share turken kullum, Larai tana tara masa toka a tsohuwar tukunya. Abin da ya taru ba zai ishi ko kwatar gonar ba.

Kafin ruwa ya sauka ya ji cewa Dabo, wanda gonarsa ke yamma da tasa, ya yi magana da Mati. Ya je ya sami Dabo ya faɗa masa komai, har ya ce ya zo ya ga wurin da idonsa. Dabo ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce shi ma ya ga wurin, amma ya ga zangarniyar gefen gabas, kuma ba shi da ko kaza a gida balle taki. Ranar kasuwa ta gaba aka juye masa lodinsa. Nababa yana gonarsa yana jan leda da manjagara lokacin da iskar yamma ta kawo warin. Ya tofar da yawu, ya ja rawaninsa ya rufe hanci, ya ci gaba da ja.