Bishiyar Tangaran a Lambun Alhaji Gidaɗo

Abu ɗaya ne ya kai Isiyaku lambun Alhaji Gidaɗo ran nan da hantsi: so yake ubansa ya sa masa albarka kafin jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa bakin daga. An ɗauke shi soja, an yi masa aski tal, an ba shi takalmin da ya fi ƙafarsa. Uwarsa Turai ta sa masa tata albarkar tun a gida, ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan ta ce, "Maza ka sami babanka wajen aiki. Kada ka kuskura ka bar garin nan ba ka durƙusa a gabansa ba."

Uban, Malam Nata'ala, magini ne ɗan magini, mutumin Ƙofar Mazugal. Kakanninsa ne ke liƙa farantin tangaran a tsakiyar rufin sorayen manya. Shi da ya taso sai ya fito da tangaran ɗin fili. Yakan bi 'yan gwanjon Ƙofar Wambai yana tsintar abin da matan gari suka gaji da shi: butar shayi mai karyayyen hanci, kofi ba mariƙi, faranti mai tsaga. Ya huda a hankali, ya zura a rodi, ya ɗaure da siminti, sai ka ga hasumiya ta tashi a tsakiyar furanni tana ƙyalli. Ba ya yin siffar abu mai rai, malaminsa ya hana shi. 'Yan majalisarsu suna yi masa tsiya, wai shi ne limamin da ke ɗaura wa kwanuka aure. Ko a jikinsa. Masu hali suna so, shi ma yana so, kuma wallahi ya iya.

To, a bara ne abu ya lalace, lokacin da aka yi ta'asar Sabon Gari, aka far wa mutanen Gabas. Mutanen cikin birni sun ga hayaƙi, sun ji labari, kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Isiyaku a can yake koyon kanikanci, a garejin wani mutumin Gabas da ake ce wa Oga Nwosu. Mutumin kirki ne, in sallah ta zo har yadi yakan aiko wa Turai. Da ƙura ta lafa sai ga Isiyaku da kwando a bayan keke, an rufe da buhu. Ya sauke a gaban ubansa.

Kai jama'a! Tangaran fari ƙal, da zaren shuɗi a baki, da 'yan furanni kamar a tsinka. Farantai manya da ƙanana, kofuna da mazauninsu, buta da murfinta, babu ko ƙwarzane. Wanda ya san gwanjo ya san kaya ba sa zuwa da 'yan'uwansu. Ɗaya-ɗaya suke zuwa, marayu, bayan sauran sun mutu a hannun yara. In ka ga gida guda ya zo cif, to ba masu shi ne suka sayar ba. Nata'ala ya fi kowa sanin haka.

"Daga ina?" ya ce.

"Tsinta na yi, Baba."

Nan tambayar ta tsaya. Bai ƙara ba, don idonsa ya riga ya hango abin da zai gina. Shi da kansa ya kai su bakin rijiya ya wanke. A jikin wasu akwai wani abu ja-ja da ya bushe ya kama, sai ya ce wa zuciyarsa manja ne, ai mutanen nan ba sa girki sai da manja. Ya sa toka ya dirje.

Da su ya tayar da bishiya a lambun Alhaji Gidaɗo, can wajen Ƙofar Kabuga. Ya lanƙwasa roduna suka zama rassa, farantai suka zama ganye, kofuna suka rataya kamar 'ya'yan itace, butar tana can ƙoli. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, ba zai ƙara yi ba. Alhaji har baƙi yake kawowa su gani. Amma tun daga ranar Nata'ala bai sake haɗa ido da ɗansa ba. In Isiyaku ya shigo zaure, shi sai ya tuna yana da alwala da zai yi. Turai ta yi tambaya har ta gaji.

Ran da Isiyaku ya zo sallama, a gindin bishiyar nan ya sami uban, yana toshe wata tsaga da damina ta yi. Ya cire hular soja, ya durƙusa.

"Baba, yau za mu tashi. Na zo ka yafe mini, ka sa mini albarka."

Nata'ala ya ci gaba da shafa siminti. Ya san da ya ɗora hannu a kan yaron nan ya faɗi kalmomin, shi ke nan, kowa ya huta. Amma bakinsa sai ya ɗauko wata maganar.

"Ina Oga Nwosu?"

Isiyaku ya ƙura wa ƙasa ido.

"Da kai nake. Kayan nan na gidansa ne ko ba na gidansa ba ne?"

"Na gidansa ne."

"Ya gudu ya bari?"

"Bai gudu ba." Muryar Isiyaku ta yi ƙasa. "Sun tare ni a bakin gareji da adduna, suka ce yaron Ibo ne ni, in nuna musu gidan ko su fara da ni. Na nuna. Wallahi Baba ban taɓa kowa ba, ko tsinke ban ɗaga ba. A waje na tsaya. Suna cin abinci aka shiga, shi da matar da yaran."

"Innalillahi. Sannan ka shiga ka kwaso musu kwanuka?"

"Na ga ana tattakawa za a farfasa. Sai na tuna da kai."

Cokalin ginin ya suɓuce daga hannun Nata'ala. Da zagi yaron ya yi masa da ya fi sauƙi.

"Da ni ka tuna? A cikin gidan nan, da abin da ke kwance a ƙasa, ni ka tuna?"

"Ai kai ka wanke su, Baba," in ji Isiyaku, ba da tsiwa ba, hawaye na bin fuskarsa. "Ka ga abin da ke jiki. Na yi ta jira ka tambaye ni. Da ka tambaye ni a lokacin, ko dukana ka yi, da na sami barci. Ba don son bindiga na shiga soja ba, garin ne ya ƙi zaunuwa gare ni."

Gaskiya ce, kuma ita ta ƙara tunzura dattijon. Kunya ta rufe shi, ta juye ta zama fushi, fushin kuma bai sami inda zai sauka ba sai kan wanda ke durƙushe. Isiyaku ya sunkuyar da kai yana jira. Ya daɗe yana jira. Hannun Nata'ala ya ɗan motsa, sannan ya koma ya ɗauki cokalinsa daga ƙasa.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce, irin yadda ake ce wa kowane matafiyi.

Isiyaku ya ƙara jira kaɗan, ko akwai saura. Babu. Ya miƙe, ya sa hularsa, ya ce, "Na gode, Baba." Takalmin yana yi masa ƙwas-ƙwas har ya fita daga lambun. Nata'ala ya ce a ransa in ya dawo sa yi magana, zuciya ta huce, sai ya sa masa.

Bai dawo ba. Bayan 'yan watanni wani kurtu ɗan unguwar, da hannu ɗaya a naɗe, ya yi sallama a zaure ya faɗi abin da ya zo faɗa. A bakin wani kogi ne, can Kudu. Babu gawa, babu kabarin da za a nuna. Aka yi zaman makoki, mutane suka yi ta cewa sai haƙuri, suka watse.

Turai ta ƙi ci ta ƙi sha. Ta rame ta zama kamar sillen kara. Rannan da la'asar Nata'ala ya shiga ɗakinta da ƙwaryar fura, ya zauna a bakin gado yana lallashi. Ta ɗago ta dube shi da idanun da suka ƙafe.

"Malam, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ran da ya tafi na turo shi wajenka. Ya same ka?"

"Ya same ni."

"Ka sa masa albarka?"

Nata'ala ya dubi furar. Ya dubi matar da suka tsufa tare, wadda ba ta da wani ɗa namiji sai wannan.

"Na sa masa," ya ce.

"Alhamdu lillahi," in ji Turai, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "To ya tafi da guzurinsa. Allah ya saka maka, Malam."

Ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu ta fara sha. Shi kuwa yana zaune yana kallonta har ta shanye.