Kofin Baba Bamidele

"Akwai mai amai da gudawa a gidan nan?"

Malam Sebastian ne, ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa, tsaye a bakin ƙofa da jakar ƙunshin gishiri da sukari. Kwana uku ke nan yana bin gidajen hayar Sabon Gari ɗaya bayan ɗaya.

Edith, maman Christabel, ce ta fito masa. Tun da safe take jin kakarin Baba Bamidele, tsoho mai gyaran agogo a unguwar PZ, ta bangon da ya raba ɗakunansu. Amma kowa ya san abin da ya faru a layin baya: duba-gari sun rufe rijiya, mai kokon gidan kuwa har yau ko kare ba ya kallon robarta. Ita ma da ruwan rijiyar gidan nan take dama kunun zaƙin da take sayarwa tana ciyar da 'ya'yanta, rijiyar da taku biyar ne tsakaninta da ramin shadda.

"Lafiya lau muke, Malam."

"Kin tabbata, Mama? Ciwon nan ba ya jira."

"To, ƙarya zan yi maka?"

Ya wuce. Ta lallashi zuciyarta, wai ɓacin ciki ne kawai irin na tsofaffi.

Da rana ta take, sai kakarin ya ɗauke, kuma shirun ya fi ba ta tsoro. Ta tura ƙofar. Idanun tsohon sun zurma, fatar yatsunsa ta yamutse kamar ta wadda ta yini wanki.

"Maman Christabel," ya ce da ƙyar, "ba ni ruwa."

Ta ɗauki moɗa, ta tsaya cak. Wane ruwan? Ta yar da ita, ta fita ko takalmi babu, tana kiran Malam Sebastian layi-layi.

Ya zo a guje. Ya nemi jijiya a hannu, ya nema a ƙafa, duk sun ɓuya. Kafin a samo motar zuwa babban asibitin Shika, Baba ya cika.

Malam bai yi faɗa ba. Ya dube ta kawai.

"Yaranki sun sha kunun yau?"

Sun sha, kafin su tafi makaranta. Ta zauna a dokin ƙofarta. Kusa da ƙafarta ga kofin silbar Baba, inda yake ajiye mata shi kullum don ta zuba masa kunu, da ɗan guntun kunun jiya a gindinsa.